Cape Verde: Ƙaramar Kasuwa A Tsakiyar Teku Mai Bukatar Injuna Da Kayan Mota

Da yawa daga cikinmu ba su taɓa riƙe sunan Cape Verde a ka ba sai ranar 14 ga watan Janairu na 2024, ranar da 'yan ƙwallonsu suka ci Black Stars biyu da ɗaya a birnin Abijan. A daren nan, daga Nima har Aboabo, tambayar da aka yi ta yi ita ce, wai ina ne ma wannan ƙasa take? Ba a gama wannan mamaki ba, sai ga su a watan Oktoba na 2025 sun sami gurbin gasar cin kofin duniya, suka bar Kamaru a baya. To, ba zancen ƙwallo ne ya kawo mu yau ba. Zancen neman abinci ne.

Kakanninmu da jakai suka zo ƙasan nan neman goro, kuma tun daga lokacin fataucinmu bai daina duban Arewa ba, watau Wagadugu da Yamai da Bamako. Amma ranar 29 ga watan Janairu na 2025 ƙasashen Mali da Burkina Faso da Nijar suka fita daga ƙungiyar ECOWAS, aka bar ƙasashe 12. Kaya ba su daina wucewa ta Paga ba, sai dai duk ɗan kasuwa mai hankali ya san kuskure ne mutum ya dogara da hanya guda. Shi ya sa muka ga ya dace a wannan wata mu juya mu dubi Yamma, can tsakiyar teku, inda akwai wata ƙasa 'yar ƙungiyarmu wadda ba ta ƙera mota, ba ta ƙera inji, kusan duk wani abu mai ƙarfe sai an kawo mata a jirgi. Tambayar ita ce, shin maƙeranmu na Suame Magazin a Kumasi da 'yan kasuwarmu na Abossey Okai a Ankara suna da rabo a can?

ƘASAR DA MUTANENTA

Cape Verde, wadda gwamnatinta ta nemi a riƙa kiranta Cabo Verde tun 2013, tsibirai goma ce a cikin Tekun Atilantika, kimanin kilomita 570 yamma da Dakar. Tara ne ake zaune a cikinsu, na goman, Santa Luzia, ba kowa. Faɗin ƙasar baki ɗaya kilomita murabba'i 4,033 ne. Ƙidayar 2021 ta sami mutane kimanin 491,000, watau ba su kai kashi ɗaya cikin goma na mutanen yankin Ashanti ba, wanda ƙidayarmu ta wannan shekara ta nuna ya haura miliyan biyar. Fiye da rabinsu suna zaune ne a tsibirin Santiago, inda babban birni Praia yake. Birni na biyu shi ne Mindelo, a tsibirin São Vicente, mai babbar tashar jiragen ruwa da ake kira Porto Grande.

Ƙasar ta sami 'yancin kai daga Fotugal ranar 5 ga watan Yuli na 1975, ta kuma shiga ECOWAS jim kaɗan bayan haka. Dattawanmu za su tuna sunan Amílcar Cabral, jagoran gwagwarmayarsu kuma abokin Kwame Nkrumah, wanda ya yi jawabi a taron jana'izar Nkrumah a Konakiri a 1972. Harshen gwamnati da na takardu shi ne Fotugis, amma a kasuwa da gida Kriolu ake yi. Ruwan sama kaɗan ne, ƙasar noma kaɗan ce, saboda haka mafi yawan abincin da suke ci daga waje yake zuwa. Abin da ke riƙe da tattalin arzikinsu shi ne baƙi masu yawon buɗe ido, waɗanda suka haura miliyan ɗaya a shekarar 2023, sai kamun kifi, sai kuma kuɗin da 'yan ƙasar mazauna Amurka da Fotugal da Holan suke aikowa gida. Waɗanda ke waje ma sun fi waɗanda ke cikin ƙasar yawa.

ABIN DA KE CIN ƘARFE A TSIBIRI

Wanda zai sayar wa mutum inji, sai ya fara sanin wahalar da injin zai sha a hannunsa. A Santiago, motar talaka ita ce Toyota Hiace, tamkar yadda trotro yake a wurinmu, har ma sunan motar ya zama sunan sana'ar. Ita ce ke ɗaukar fasinja da kaya daga Praia zuwa Assomada, inda kasuwa ke ci ranar Laraba da Asabar, ta haura duwatsun Serra Malagueta ta gangara Tarrafal. A ƙauyuka da tsibirai masu tsauni irin su Fogo da Santo Antão, ana amfani da a-kori-kura ƙirar Hilux, a sa benci a baya. Yawancin tsofaffin hanyoyi da duwatsu aka daɓe su, ba kwalta ba, kuma hawa da gangara ne ba hutu. Kowane makanike ya san abin da irin wannan hanya ke yi wa mota: birki ya cinye, kulochi ya ƙone, sifirin ya karye, robobin ƙafa su tsage. Ga kuma iskar teku mai gishiri da ke cin ƙarfe dare da rana, ga ƙurar hunturu irin tamu da ke isa can daga Sahara tana toshe matatar iska.

Ban da mota, akwai ruwa. Tsibiran Sal da Boa Vista da São Vicente, har da birnin Praia, sun dogara ne da ruwan teku da ake tacewa a cire masa gishiri. A kwaruruka kuma manoma suna noman rani da injin ban ruwa da tiyo mai ɗigo, musamman tun bayan da Sin ta gina madatsar ruwa ta Poilão a Santiago a 2006. Masunta suna bukatar injin kwale-kwale da ƙanƙara. Magina suna bukatar injin buga bulo da na kwaɓa siminti da baro, domin gine-ginen otal da gidajen 'yan ƙasar waje ba sa yankewa. Masara ce tushen abincinsu, da ita ake yin cachupa, abincin da ƙasar ta yi suna da shi, kuma inda ake cin masara ba a rasa aikin injin niƙa da na ɓarza.

Abu na uku shi ne rabuwar tsibiran. Tsakanin Mindelo da Porto Novo na Santo Antão tafiyar kimanin sa'a ɗaya ce a jirgin ruwa, amma Santo Antão da Brava ba su da filin jirgin sama mai aiki, kome sai ta ruwa. Tun watan Agusta na 2019 kamfanin CV Interilhas ne ke riƙe da jigilar fasinja da kaya tsakanin tsibiran. Idan inji ya tsaya a wani ƙauyen Fogo saboda ƙarfe ɗaya da ya karye, mai shi zai jira a nemo a Praia, in babu a Praia a aika Lisbon. Kwanakin da injin ya yi a kwance su ne asarar, kuma a nan ne ɗan kasuwa mai lura zai ga wurin shiga.

INDA BA NAMU BA NE

Gara a faɗi mai ɗaci tun da wuri. Wanda ya yi tunanin zai sayo tsohuwar mota daga Turai, ya sauke ta a Tema, sa'an nan ya sake lodinta zuwa Praia, ya ɗauko hanyar asara. Yawancin kayan da Cape Verde ke saye daga Turai suke zuwa, Fotugal ce kan gaba da nisa, kuma jiragen ruwa na tasowa daga can kai tsaye a kai a kai. Ɗan'uwan direba da ke aiki a Lisbon ko Rotterdam zai iya aiko masa da mota ko inji da kuɗin jigila guda, kai kuwa ka biya biyu. Bugu da ƙari, ban da kuɗin fito da harajin saye na kashi 15 cikin ɗari, akwai wani haraji na musamman da ake ɗora wa mota, wanda ke ƙaruwa gwargwadon tsufanta. Motar da ta haura shekara goma, harajinta kan iya fin kuɗin sayenta.

Haka nan manyan injuna sun fi ƙarfin mu. Injunan tace ruwan teku, da janaretocin gidan wuta, da fankokin samar da lantarki daga iska irin na kamfanin Cabeólica, wanda ya fara aiki a 2011 da ƙarfin megawat 25.5 a tsibirai huɗu, duk ta hanyar kwangilar gwamnati da bashin manyan bankuna ake sayensu, kuma kamfanonin Turai da Sin ne ke kokawa a kansu. A ɓangaren kaya masu araha kuwa, shagunan 'yan Sin sun bazu a garuruwan ƙasar tun tsakiyar shekarun 1990, ba wanda zai karya musu farashi a kan ƙaramin janareto ko famfon da aka ƙera a ƙasarsu.

Akwai kuma abin da ke tafe. A 2019 gwamnatin ƙasar ta fitar da manufar da ke nufin hana shigo da motoci masu shan fetur da gas daga 2035, da mai da duk motocin ƙasar masu lantarki kafin 2050. Ko da ba a cika alkawarin a kan lokaci ba, ya nuna inda aka dosa. Wanda zai zuba jarinsa duka a kan fistin da ringi da kabireto, ya san ranarsu tana da iyaka. Amma sifirin da birki da bodi da taya, ko mota mai lantarki ba ta rabuwa da su.

INDA ƘOFA TAKE

Rabonmu yana cikin abin da hannunmu ya ƙera. Suame Magazin ta daɗe da wuce matsayin wurin gyaran mota kawai. Tun 1980, lokacin da jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe cibiyar koyar da ƙere-ƙere a cikin Magazin, aka sami masu injin feƙe ƙarfe da masu narka ƙarfe su yi zubi. Yau ana ƙera injin niƙa, wanda ko waɗanda ba sa jin Hausa a ƙasan nan nika-nika suke ce masa, ana zuba faifansa na ƙarfe, ana yin injin ɓare masara, da na buga bulo, da na kwaɓa siminti, da tirelar tarakta, da tankin ruwa, da bodin manyan motoci. Waɗannan kaya ne da aka yi domin wurin da hanya ba ta da kyau, kuɗi ba su da yawa, kuma mai gyara walda da sifana kawai yake da su. Injin Turai yana da kyau, amma in na'urar cikinsa ta lalace sai an jira ta daga masana'anta. Namu kuwa duk mai walda zai iya tayar da shi.

Sai kuma kayan gyaran Hiace da Hilux da ke saurin cinyewa. Mu da su duk a hannun dama muke tuƙi, mu tun ranar 4 ga watan Agusta na 1974, saboda haka sitiyarinmu ɗaya ne. Lantarkinsu ma na tafiya da namu, bolt 220 zuwa 230, sai dai bakin soket ɗinsu irin na Turai ne mai ƙafa biyu zagayayyu, namu kuwa irin na Ingila mai ƙafa uku. Ƙaramin abu ne, amma ya isa ya sa a mayar maka da kaya.

Sai dai akwai sharaɗi biyu. Na farko, tsatsa. Fentin da ke yin shekara biyar a Tamale ba zai yi haka a bakin tekun Sal ba. Dole a kankare ƙarfe da kyau, a sa fentin ƙasa mai hana tsatsa, a yi amfani da noti da kusoshi masu rufin tutiya, kuma duk ɓangaren da ke taɓa abinci ya zama ƙarfen da ba ya tsatsa. Na biyu, awo. Ciwon da ya daɗe yana damun ƙere-ƙerenmu shi ne inji biyu daga shago ɗaya, amma faifan wannan ba ya shiga wancan. A Kumasi wannan ba matsala ba ce, sai ka koma wurin maigidan ya feƙe maka. A tsibirin da ke tsakiyar teku kuwa, injin ya mutu ke nan, sunanka ma ya mutu tare da shi, domin a ƙasa mai mutane rabin miliyan labari ba ya kwana. Duk injin da zai tafi, ya tafi da kayan gyaransa na shekara guda da takardar bayani cikin Fotugis mai zane.

TAKARDU DA KWASTAN

ECOWAS tana da tsarin sassauta ciniki da ake kira ETLS, wanda aka fara a 1979 da amfanin gona da sana'o'in hannu, aka shigar da kayan masana'antu a 1990. A ƙarƙashinsa, kayan da aka tabbatar 'yan asalin wata ƙasar ƙungiya ne suna shiga sauran ƙasashe ba kuɗin fito. Kafin a ce kaya ɗan asali ne, ko dai a ce a nan aka samar da shi baki ɗaya, ko kuma aikin da aka yi masa a nan ya ƙara masa daraja da aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin ƙera shi. Injin niƙan da aka yanka ƙarfensa, aka yi waldarsa, aka zuba faifansa a Suame zai iya cika wannan sharaɗi. Birkin da aka sayo daga Dubai aka sake masa kwali a Abossey Okai ba zai cika ba, kuɗin fito zai biya cif.

Ba a samun wannan sassauci da baki. Sai mai sana'a ya yi rajistar kamfani, ya nemi kwamitin ƙasa mai kula da tsarin ya amince da shi da kuma kayan da yake ƙerawa, sa'an nan kowane lodi ya tafi da takardar shaidar asali. Hukumar bunƙasa fitar da kaya ta GEPA da ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta ƙasa su ne wuraren fara tambaya. Akwai kuma yarjejeniyar ciniki ta nahiyar Afirka baki ɗaya, wadda hedkwatarta ke nan Ankara, aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga watan Janairu na 2021. Amma mu duka mun san abin da ke rubuce a takarda da abin da ake tararwa a bakin iyaka ba kullum suke zama ɗaya ba. Saboda haka kafin kaya ya bar Tema, mai sayen ya je wurin wakilin fiton kaya mai lasisi a Praia, wanda suke kira despachante, ya karɓo lissafin duk abin da za a biya a rubuce.

HANYA DA KUƊI

Babban cikas shi ne jigila. Cinikin Cape Verde da sauran ƙasashen ECOWAS kaɗan ne ƙwarai, don haka jirage ba su da dalilin yin zirga-zirga kai tsaye. Sau da yawa kwantenar da ta tashi daga Tema sai an sauke ta a wata tasha, kamar Las Palmas ta tsibiran Kanari, ta jira wani jirgin. ECOWAS ta daɗe tana shirin hanyar da za ta haɗa Praia da Dakar da Abijan, amma ɗan kasuwa da jirgin da ke kan ruwa yake lissafi. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin kaya kimanin mita 33 na awon ciki, wanda ya fi ƙarfin maƙeri ɗaya, ya kuma fi abin da mai saye ɗaya zai ɗauka. Dabara ita ce mutum biyar ko shida su haɗa lodi, mai injin niƙa da mai injin bulo da mai sifirin, a kwance injunan a jera su, kowa ya biya gwargwadon wurin da ya ci. A kuma tuna, kaya in sun sauka Praia, ba su isa Fogo ko Maio ba tukuna, akwai wani kuɗin jirgin a gaba.

Ta fuskar kuɗi kuwa akwai kwanciyar hankali. Kuɗinsu eskudo an ɗaure shi da yuro tun 1999, eskudo 110.265 a kan yuro ɗaya, kuma bai motsa ba. Wanda ya ga irin faɗuwar da sidi ya yi a 2022 ya san darajar wannan. A yi ciniki da yuro, ta banki, a karɓi wani kaso kafin a fara aiki, sauran kuma da takardar lamuni ta banki ko kafin a saki takardun kaya. Bashin baki irin na tsakaninmu a zango yana tafiya ne domin kowa ya san gidan kowa, kuma wannan sanayya ba ta ƙetare teku.

KAFIN A ƊAURA KAYA

Hausawa suka ce gani ya kori ji. Ɗan Gana yana iya shiga Cape Verde ba biza har kwana 90 a ƙarƙashin dokar ECOWAS, amma jami'an filin jirgi sukan nemi tikitin komawa da shaidar masauki da ta kuɗin guzuri, kuma suna mayar da wanda bai cika ba. Ƙasar tana yin baje kolin ƙasa da ƙasa da ake kira FIC, galibi a watan Nuwamba, kuma akwai ƙungiyoyin 'yan kasuwa biyu, ta Sotavento a Praia da ta Barlavento a Mindelo. A kasuwar Sucupira ta Praia za a tarar da 'yan Senegal da 'yan Gini da 'yan Nijeriya da suka daɗe a can, da mata 'yan kasuwa da ake kira rabidantes, waɗanda suka san kuɗin kowace hanya. Wanda ya je, ya zauna a tashar Hiace da garejin makanikai ya tambayi abin da ya fi karyewa da kwana nawa ake jiransa. Ya ɗauki awo, ya ɗauki hoto, ya nemi abokin hulɗa ɗan ƙasa mai shago da mai gyara.

Kada wani ya sayar da fili ko ya ci bashi domin wannan. Kasuwa ce ta inji goma, ba ta inji dubu ba, kuma ribarta a hankali take zuwa, daga faifai da bel da sifirin da za a riƙa aikawa shekara da shekaru bayan an sayar da injin farko. Ƙungiyoyinmu na makanikai da na 'yan kasuwa a Kumasi da Ankara suna iya haɗa kuɗi su tura mutum biyu, ɗaya maƙeri ɗaya mai lissafi, su yi mako biyu su dawo da rahoto. Matasanmu da suka yi karatu kuwa, wanda ya koyi Fotugis ya sami mabuɗin Cape Verde da Gini Bisau da São Tomé da Angola da Mozambik a lokaci guda. Kakanninmu sun koyi Asantanci da Dagbanci domin goro, ba su ce ya yi musu wuya ba. Allah ya ba mai rabo sa'a, amin.